Batirin Dattijo

Ranar Lahadi ce a Illela, kasuwa ta cika, ƙura na tashi daga kara. Matso mu zauna a bencin mai shayi, daura da rumfar cajin waya. Janareta na ta gurnani. Yaron rumfar ba ya buƙatar kwance waya. Da ya riƙe ta ya ji ɗumi, sai ya ce, "Alhaji, batirin nan ya kumbura."

Dubi dattijon da ke gefenmu, wanda ya ƙetaro daga Ƙwanni. Hannunsa na kan gwiwa yana karkarwa, babban yatsa na murza manuniya kamar mai jan carbi. Ba carbi a hannun. Da ya miƙa zai ɗauki kofi sai rawar ta lafa. Mai shayi ya ce tsufa ne. Na kusa da shi ya ce iska ce.

A asibiti sunanta cutar Fakinson, sunan likitan Landan da ya bayyana ta a 1817. Ita ma akwai maganar batir a cikinta. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinka tana ɗauke da 'yan mitsi-mitsin injinan wuta, maitokondiriya. Su ke sarrafa tuwon da ka ci da iskar da ka shaƙa su ba ka ƙarfi. Wajen uwa ake gadonsu, uba ko sisi. Ƙwaƙwalwa kuwa mahandamiya ce. Kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana lashe kusan kashi 20 na wutar. Idan injinan suka raunana, jiki kuma ya kasa kwashe lalatattun, ƙwayoyin da ke saita motsi sai su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

A 1982 wasu 'yan ƙwaya a Kalifoniya suka yi wa kansu allurar gurɓataccen sinadari. Cikin 'yan kwanaki suka sandare kamar tsofaffin masu cutar. Injinan nan gubar ta shaƙe. Ƙirarta ta yi kama da ta farakwat, maganin ciyawa, kuma bincike da dama ya alaƙanta yawan feshinsa da cutar. Ka dai san yadda ake feshi a fadamunmu: tanki a baya, ƙafa ba takalmi, hanci a buɗe.

Akwai magani, lebodofa. Ba ya warkarwa, sassautawa yake yi. Mai rubuta shi da sani kuwa sai an hau mota zuwa Sakkwato.

Dattijo ya karɓi wayarsa, ta cika dam. Sau uku yana neman bakin aljihu.