Keken da ba ya tsatsa da keken da ke kai mu kasuwa

 Kaka ta yi. An ɗaure gero, an rore wake, an cire gujiya. Yanzu ne kuɗi ke ɗan shiga hannun talaka, kuma yanzu ne zancen sayen keke ke tashi a kowane dandali. A ajinmu na yaƙi da jahilci mutum uku za su sayi keke bana. Ɗaya rago zai sayar, biyu kuma wake. Kuɗin wahalar damina guda ne. Don haka nake so mu yi shawara kafin a je kasuwa.

Ni ma keke gare ni. Baƙi ne, ƙirar Phoenix ta ƙasar Sin. Shekararsa tara a hannuna, kuma ba sabo na saye shi ba. Da shi nake zuwa koyarwa ƙauyuka biyu. Da shi nake zuwa kasuwar Mirya ranar Lahadi. Idan ta kama, in shiga Damagaram ranar Alhamis, wajen kilomita 18 daga Mirya. Sau biyu ya kai mara lafiya likita da dare. Abin da zan faɗa, a bisa sirdinsa na koye shi.

Bana samarin da suka dawo ci-rani sun zo da wani labari. Suna nuna mana hotuna cikin salula, na wani keke da ake ƙerawa da ƙarfen da ake kira titaniyam. Suna cewa da yatsa biyu ake ɗaga shi, kuma har abada ba ya tsatsa. Na nemi ƙanena da ke karatu a jami'ar Damagaram ya bincika mini. Ga abin da muka samu.

Gaskiya ne akwai wannan ƙarfe. Daga cikin wani baƙin rairayi ake fid da shi. Akwai irin wannan rairayi a Afirka ta Yamma, a Saliyo da bakin tekun Sanagal. Wani mutumin Ingila ne ya fara gano shi a shekarar 1791. Amma raba shi da rairayin aiki ne mai wuya ƙwarai. Sai wajen 1940 aka sami dabarar fid da shi da yawa. Idan ka ɗauki guntunsa da guntun baƙin ƙarfe masu girma ɗaya, nauyinsa ya ɗara rabin na baƙin ƙarfen kaɗan. Ga shi da ƙarfi. Ruwa ba ya cin shi, gishiri ba ya cin shi. Shi ya sa ake sa shi cikin jirgin sama. Likitoci ma da shi suke ɗaure ƙashin da ya karye daga ciki.

A farkon shekarun 1970 aka fara ƙera kekunan tsere da shi a Ingila da Amurka. A 1973 wani ɗan ƙasar Sipaniya, Luis Ocaña, ya ci babban tseren keke na zagaya Faransa. A wasu ranakun hawan duwatsu keken titaniyam ya hau. Masu irin wannan keke a Turai suna ji da shi kamar yadda mai doki ke ji da ingarmansa. Ba sa shafa masa fenti, suna barin shi da launinsa na toka. Suna auna tsawon ƙafarsu da hannunsu, a ƙera musu daidai jikinsu, kamar yadda tela ke auna riga. Bayan nan su yi ta canza masa kaya, yau sirdi, gobe birki, don ya rage nauyin da bai kai na goro biyar ba. Kuɗinsa yakan wuce miliyan guda na sefa, wato jika dubu. Ku lissafa raguna nawa ke nan.

Ban raina wannan keke ba. Aikin gwanaye ne, kuma da za a ba ni aronsa da na zagaya gari da shi. To amma an ƙera shi don ya ɗauki mutum ɗaya a kan kwalta, ya yi gudu. Mu kuwa kekenmu jaki ne. Jarka huɗu ta lita 25 idan an cika su da ruwa, kilo 100 ke nan. Ga buhun gero, ga damin rake daga fadama, ga uwar gida a baya da goyo. Wanda ya ɗora kilo 100 a kariya, ina ruwansa da ko gangar keken ta rage kilo biyu?

Babbar magana ita ce ta gyara. Titaniyam idan ya yi zafi, yana shan iska. Idan ya sha iska sai ya yi gautsi, ya karye kamar kasko. Don haka ba a yi masa walda sai an lulluɓe wurin da wata iska ta musamman mai suna argon, kuma sai gwani. Wutar mai walda na bakin tasha lalata shi za ta yi. Baƙin ƙarfe kuwa, duk inda ya tsage akwai mai ɗinke shi. Gangar kekena ta taɓa tsagewa ƙarƙashin sirdi. Kafin in gama sallar la'asar an haɗa ta, shekara huɗu ke nan ba ta sake motsi ba. Ƙasarmu ƙasar maƙera ce tun da. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, tsakanin shekarun 1850 da 1880, har igwa ake ƙerawa cikin Birni. Jikokinsu ne ke gyara mana keke yau. A ba su ƙarfen da suka sani.

Wani zai ce, malam, wa zai kawo titaniyam ƙauyenmu? Da wuya a kawo shi, gaskiya ne. Amma akwai ƙanensa cikin kasuwa. Su ne kekunan gwanjo na Turai masu giya da yawa. Da dama daga cikinsu da alminiyam aka yi su, ƙarfen nan da ake zuba tukwane da shi. Ba su da nauyi, suna da kyan gani, kuma mai sayarwa yana iya kiran su da kowane suna don ya ƙara kuɗi. Shi ma alminiyam ba kowane mai walda ke iya masa ba. Wani ɗalibina ya sayi irinsa bara. Ya ɗora masa buhu biyu, bututun baya ya tsage. Ya kai shi wurin masu walda uku, kowa ya ce ba zai taɓa ba. Yanzu yana rataye cikin zaure, yara na wasa da ƙararrawarsa.

Ga dabarar ganewa, ba ta bukatar ko dala. Ku nemi mayen ƙarfe, irin wanda ke bayan lasifikar tsohuwar rediyo. Ku sa shi aljihu ranar kasuwa. Ku manna shi jikin bututun keken, ba jikin kusa ko sarƙa ba. Idan ya kama, baƙin ƙarfe ne, ana iya gyara shi ko'ina. Idan ya faɗi, alminiyam ne ko wani abu dabam. Ban ce kada a sayi keken gwanjo ba. Akwai masu gangar baƙin ƙarfe da faffaɗar taya, kuma sun fi nawa tafiya cikin rairayi. Amma a gwada tukuna. A kuma tambayi mai gyaran keke na kasuwarku ko yana da kayansa. Yawancin kayan kekenmu ta Kano suke zuwa. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, masu keke irin na kowa sun yi ta cire kayan tsohon keke suna sa wa nasu. Masu baƙon keke sai suka jingine.

Yanzu zancen ƙara wa keke kaya. Mu ma muna yi, kuma mun iya. Wanda ya sayi sabon keke yakan fara da madubi biyu, da tuntaye, da rigar sirdi ta dukawa, da robar da ake naɗe bututu da ita. Ni ma sirdina da jar fata yake, ɗinkin Damagaram, kuma ina son shi. Iyayenmu haka suka yi wa Raleigh ɗinsu, har ango ba ya cika ango sai da ita. Sai dai in kuɗin kaɗan ne, ga inda ya kamata su fara shiga.

Taya ce gaba. Tsidau da ƙayar aduwa su ne abokan gabanmu. Ku sayi taya mai kauri. Tsohuwar kuma kada ku yar. Ku yanke gefenta biyu mai waya, ku shimfiɗa ta cikin sabuwar. Keken zai ɗan ƙara nauyi, amma faci zai ragu sosai. In hanyarku rairayi ce, kada ku cika iska tam. Taya mai ɗan laushi ta fi hawa bisa rairayi. Amma in da kaya masu nauyi, a ƙara iska don kada bakin ƙarfen ya tsinke robar ciki.

Sai ƙafar baya, don ita ke ɗauke da wahala. A sa mata wayoyi masu kauri. In waya ɗaya ta tsinke, a canza ta ranar nan, don in an bari sauran za su bi ta, ƙafar ta karkace. Kariyar kanti ba ta jure buhu. Maƙeri na iya ƙera wata da rodi, ya kafa mata ƙafafu biyu su sauka kan gindin ƙafar baya. Robar birki kuma araha gare ta, amma mutane sun fi ƙyale ta. Na ga mai jarka huɗu yana tsayar da keke da takalminsa a gangare. Sarƙa kuwa kada a yi mata wanka da baƙin mai. Rairayi ne zai manne, ya cinye haƙora. A goge ta da tsumma, a ɗiga mai kaɗan, a sake gogewa.

Saura abu ɗaya da ya shafi karatunmu. A gefen kowace taya akwai lamba. Ta baƙin keke irin nawa an rubuta 28 x 1½. Ta yawancin kekunan gwanjo masu faffaɗar taya tana farawa da 26. Ɗaya ba ta shiga wurin ɗaya. Kowane mai keke ya duƙa ya karanta tasa, ya rubuta a takarda, ya ba ɗan aike in za a sayo masa taya ko robar ciki. A ajinmu ranar Asabar mai zuwa kowa zai zo da lambar tayarsa, mu rubuta su a allo. Wanda ba shi da keke ya karanto ta maƙwabcinsa.