Ido Ba Mudu Ba: Awon Wuta a Ɗakin Haya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san amsar kacici-kacicin nan da ake cewa, “Uku-uku ta gama gari.” Murhu ke nan, duwatsu uku waɗanda ba a rasa su a gidan sarki, ba a rasa su a bukkar talaka. Sai dai kacici-kacicin bai faɗi girman duwatsun ba, bai kuma faɗi tazarar da ke tsakaninsu ba, domin wannan ilimi ne da ba a koyar da shi da baki. Uwa takan matso da dutse ɗaya ko ta ja shi baya gwargwadon gindin tukunya, ’yarta tana kallo, shi ke nan karatu ya ƙare. Muna ganin wannan ilimi na awon wuta yana neman kuɓuce mana, mu da neman abinci ko neman ilimi ya kawo Ikko, kuma kuɓucewarsa ba ƙaramin abu ba ne, domin akwai rai a ciki.

Mai karatu yana iya yin murmushi ya ce ina ruwan mazaunin Sabo a Yaba da maganar jin ɗumi, a garin da mutum yake kwana yana gumi? Gaskiya ne, da wuya ma’aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 20 a Ikko, ko a tsakiyar hunturu. Amma kafin mu amsa, bari mu waiwayi gida, mu ga yadda aka auna mana wuta tun muna yara.

A Kano da Katsina da Zariya, cikin Disamba da Janairu, sanyin asuba yakan kai digiri 13 ko 14, wata shekarar ma ya gangara ƙasa da 10. Lokacin ne kaushi yake cin ƙafa, leɓe ya tsage, yaro ya yi gaba da ruwa. Iyayenmu ba su tari wannan sanyi da wuta iri ɗaya ba. Akwai wutar makarantar allo, wadda almajirai suke tara wa kara da kirare, a hura ta a fili, girmanta daidai da da’irar masu karatu, don ta ba da haske da ɗumi gaba ɗaya. Akwai gungumen da dattawa suke sakawa a zaure mai ƙofa biyu, ya yi ta ci a hankali har hira ta watse. Akwai kaskon tsohuwa, ɗan madaidaici, wanda ake ɗebo masa garwashi daga murhu bayan an sauke tuwo, a rufe da toka. Sannan akwai gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, inda ake zuba garwashi domin mai jego ko mara lafiya. Kowace wuta da wurinta, kuma ba mu taɓa ganin an kai wutar tsangaya cikin ɗakin tsohuwa ba.

Hasali ma ɗakin da kansa yana cikin lissafin. Bangon ƙasa mai kauri yakan sha zafin rana ya riƙe, ya riƙa sakinsa da dare, saboda haka ’yar wuta kaɗan ta wadatar. Ɗakin ciyawa kuwa numfashi yake yi ta jinka, ƙofarsa asabari ce ko tufaniya, iska tana shiga tana fita ba tare da an nemi izininta ba. Wato dai mai gini da mai hura wuta sun yi yarjejeniya tun kafin a haife mu.

Turawa, waɗanda sanyi ya fi gallaba, sun mayar da wannan sani lissafi. A Ingila, murhun ƙarfe na ɗumama ɗaki ana sayar da shi ne da awon ƙarfin zafinsa, wato kilowat. Masu sana’ar suna da wani ƙiyasi da suka saba da shi: a auna tsawon ɗaki da faɗinsa da tsayinsa da mita, a ninka su, a raba da 14, abin da ya fito shi ne kimanin kilowat ɗin da ɗakin yake bukata. In muka ɗauki ɗakinmu na haya, ƙafa 12 tsawo ƙafa 12 faɗi, ko da an ɗauke shi an dasa a tsakiyar sanyin Ingila, bukatarsa ba za ta wuce kilowat 3 ba, wanda yake cikin ƙananan murahunsu. Suna kuma gargaɗi a kan ɓangarori biyu. Murhun da ya yi wa ɗaki kaɗan, dole a yi ta cusa masa itace har ƙarfensa ya lanƙwashe. Wanda ya yi wa ɗaki yawa kuwa ya fi haɗari, domin zafi zai kori mai ɗaki, sai ya toshe masa iska don wutar ta lafa, ita kuwa wutar da aka shaƙe ba ta ci da kyau, sai hayaƙi da baƙin kwalta mai taruwa a bututun hayaƙi, har wata rana ya kama. Abin lura shi ne murhunsu yana da bututu mai fitar da guba waje. Kaskonmu ba shi da shi. Duk abin da ya fita daga kasko, ƙirjin mutanen ɗaki ne bututunsa.

To, yanzu mu dawo Ikko. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano a 1912, fataucin goro da na shanu ya yi ta jawo mutanenmu, har zango ya kafu a Agege, aka kuma samu zama a Idi-Araba da Obalande da Sabo da Mil 12. Amma gidan da muka tarar ba irin wanda muka baro ba ne. Ɗakuna ne a jere suna kallon juna, lungu ɗaya a tsakiya, bangon bulo da siminti, rufin kwano da silin, taga ɗaya wadda sauro da ɓarayi suka koya mana rufewa ruf. Babu tsakar gida, babu madafi sai ɗan wurin da gida duka yake rububi. A irin wannan ɗaki miji da mata da ’ya’ya huɗu suke kwana, wani lokaci har da baƙon da ya sauka daga mota jiya.

Wutar girki ma ta yi ta sauya kama a gabanmu. Mun ga zamanin risho. Da kananzir ya yi wuya a mulkin Janar Sani Abacha, tsakanin 1993 da 1998, sai talaka ya ƙirƙiro murhun gwangwani da ake danƙara wa garin katako, ya laƙaba masa suna abaca, kuma a lokacin mazauna Yaba ba su da nisa da masu yankan katako na Oko-Baba a Ebute-Meta. Daga baya tukunyar gas ta shigo gidaje da yawa. Sai ga shekarar 2023, aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, darajar naira ta faɗi, tsadar kaya ta biyo baya, gidaje da dama suka kakkaɓe kurfoti suka koma wa gawayi. Gawayi ya dawo, amma tsofaffin da suka san awonsa yawancinsu sun kwanta dama, ko suna can gida.

Wata rana mun tsaya wurin wani dattijo maƙeri a Agege, mai ƙera kurfoti da murhun ƙarfe daga tsohuwar ganga. Muna nan wani saurayi ya zo, da ganinsa sabon ango ne, ya nuna mafi girma a cikin jerin.

Dattijon ya dube shi ya ce, “Samari, ku nawa ne a gidan?”

Ya ce, “Ni da iyalina ne, Baba.”

“Tukunyarta lamba nawa?”

“Wallahi ban duba ba, Baba.”

“A ina za a riƙa hurawa, waje ko ciki?”

“A ƙofar ɗaki, in ana ruwa kuma a shigo da shi.”

Sai dattijon ya ture babban gefe, ya ɗauko ƙarami, ya ce, “Wancan na masu tuwon sayarwa ne. Je ka da wannan, kuma ko ruwan ƙanƙara ake yi kada ya kwana a ɗaki.” Ya juyo wajenmu ya ce, “Allah ya gafarta Malam, in na sayar masa da babban na fi cin riba, amma gawayin wata guda zai ƙone a mako biyu, ya riƙa zagina a zuci.”

Tambayoyi ukun nan, mutum nawa, wace tukunya, wane wuri, su ne dukkan ilimin. Injiniyoyin da suka yi aikin inganta murhu a yankin Sahel cikin shekarun 1980 a kansu suka tsaya. Sun nuna cewa a murhun duwatsu uku da ke fili, ɗan kaɗan ne daga zafin itace yake shiga tukunya, sau da yawa bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, saura iska ce take kwashewa. A Jamhuriyar Nijar aka yaɗa wani murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi, wanda asirinsa bai wuce a ƙera shi daidai da lambar tukunya ba, yadda harshen wuta zai bi ta ɗan siririn tsakanin da ke jikin tukunya da bangon murhu. In aka ɗora ƙaramar tukunya a babban murhu, amfanin ya tafi. Daidai ruwa daidai tsaki.

Asarar gawayi ita ce ƙaramar hasara. Babbar tana zuwa ne ranar da aka haihu. A nan ne amsar mai murmushin nan take, domin jego shi ne lokacin da Bahaushen Ikko yake ɗumama ɗaki. Kaka takan taso daga gida don ta yi wa ’yarta wankan jego, ta zo da ma’aunin garinsu a ka. In haihuwar ta faɗo cikin Yuni ko Yuli, ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, sai ta ce sanyi zai shiga jikin mai jego da jariri, a nemo kasko babba, a cika shi, a rufe ƙofa da taga. Niyyarta alheri ce tsantsa, kuma da wuya suruki ya iya buɗa baki a gabanta. Amma tun a shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, da suka yi aiki a asibitin koyarwa na Jami’ar Ahmadu Bello a Zariya, suka lura da yawan ciwon gazawar zuciya ga mata bayan haihuwa, suka kuma danganta shi da haɗuwar kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a kan gado mai wuta, musamman a lokacin zafi. In haka ta faru a ɗakin ƙasa na Zariya, ina ga ɗakin siminti a garin da iska take cike da laima?

Akwai kuma wani zato da ya zama ruwan dare, cewa in gawayi ya gama hayaƙi ya yi jajir, to illarsa ta wuce. Ba haka ba ne. Garwashin da yake ci a wurin da iska ta yi ƙaranci yana fitar da wata iskar guba, wadda masana suke kira kabon monokisaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi take kama shi har ninki 200 da wani abu. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, waɗanda mukan ɗora wa zazzaɓin cizon sauro ko gajiyar biki. Mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Da safe sai a fasa ƙofa, a yi ta zargin abinci ko maƙiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda mafi yawanta daga itace da gawayi da kananzir take, ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020. Ajali na Allah ne, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Me ya sa hannunmu yake kai wa babba? Ba za mu ce wauta ce ba. Mun fito daga al’adar da ake auna mutum da yawan masu cin tuwonsa. Maigidan zango a Agege, wanda yake saukar da fatake goma a dare ɗaya, babbar tukunya ita ce mutuncinsa, kuma ya cancanci babban murhu. Kunya ce take hana ango sayen ƙarami, kada a ce bai shirya wa baƙi ba. Amma iyayenmu sun riga sun warware wannan: tukunyar biki da murhunta aro ake yi, a gama a wanke a mayar, ba a ajiye su don tuwon kullum. Wanda ya sayi murhu saboda sunan da za a yi baɗi, zai ciyar da shi gawayi kwana 364 domin kwana ɗaya.

Saboda haka ga abin da muke roƙon ɗalibanmu da abokan aikinmu su riƙe, musamman masu haramar tafiya gida hutun Disamba, inda yanzu ɗakunan siminti masu tagar gilashi suka maye gurbin soraye da yawa. A sayi murhu daidai da tukunyar da ake ɗorawa kullum. A hura gawayi a waje, a yi girki a inda iska take ratsawa. In sanyi ya matsa har aka shigo da kasko, ya zama ƙarami, taga a buɗe, a kuma fitar da shi kafin kowa ya kwanta, bargo da rigar sanyi su ƙarasa aikin. Wanda ya ji kansa yana sarawa a ɗakin da ake jin ɗumi, ya fito da kowa waje tukuna, sannan a yi maganar magani. In kuma kaka ce ta zo jego, a same ta cikin ladabi, a ce, “Inna, ɗakin nan ba irin na gida ba ne, ba ya numfashi.” Ita ta fi kowa sanin cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ɗakin ne kawai baƙo a gare ta, kuma in an nuna mata shi, da hannunta za ta rage garwashin.