Gidan Ɗaliban Indiya a Birnin Landan

A watan Disamba na 2024 mu malamai uku muka tafi Landan domin wani ɗan gajeren kwas. Da muka kwana uku muna cin burodi da dankali marar yaji, sai cikinmu ya fara gunaguni. Wani abokin karatunmu ya ce, in dai shinkafa da miya mai barkono muke so, mu shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa mu sauka a tashar Warren Street, mu tambayi gidan ɗaliban Indiya na dandalin Fitzroy. Muka kama hanya wajen ƙarfe huɗu na yamma, rana kuwa ta riga ta faɗi, ga sanyi har cikin ƙashi.

Tun daga bakin ƙofa ƙanshin kori da citta ya tare mu. A ɗakin cin abinci muka iske samari da 'yan mata, kowa riƙe da faranti, ana zuba musu shinkafa da gurasar da suke kira capati, da miyar ɗan ƙaramin wake mai suna dal. Kuɗin abincin da sauƙi, baƙo ma yana iya shiga ya saya.

Gidan nan yana da tarihi. Wani Kirista mutumin kudancin Indiya, K. T. Paul, shugaban ƙungiyar matasa Kirista ta YMCA a ƙasarsu, shi ya sa aka kafa shi a 1920, domin ya ga wuyar da 'ya'yan ƙasarsa ke sha wajen samun masauki a Ingila. A 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bom ya faɗa wa tsohon ginin da ke titin Gower. Wannan na dandalin Fitzroy a 1953 aka buɗe shi. Ɗan Hindu da Musulmi da Kirista duka ana karɓarsu, tebur ɗaya kuwa suke ci.

Kada mai karatu ya ce batun ciki ƙaramin abu ne. Mahatma Gandhi kansa da ya zo Landan karatun shari'a a 1888, ya riga ya yi wa mahaifiyarsa alkawari ba zai ci nama ba. Ya sha kwana da yunwa, sai da ya gano wani gidan abinci na marasa cin nama a titin Farringdon kafin hankalinsa ya kwanta. Har wa yau ɗalibai da yawa sukan sako tukunyar dafa wake da ƙullin yaji cikin akwatinsu tun daga gida.

Wani saurayi ya matsa mana muka zauna kusa da shi. Kawu yake ce da mu, gama haka suke kiran wanda ya girme su. Ya ce shi ba a nan yake kwana ba, ranar da kewar gida ta dame shi ne yakan zo. Su shida ne suka kama hayar ƙaramin gida a gabashin birnin, biyu biyu a ɗaki, suna girki bi da bi. A gida bai taɓa ɗora tukunya ba, yanzu kuwa shi ne mai girkin Talata da Jumma'a.

Muka tambaye shi, karatu fa? Ya ce, "Kawu, karatu ba shi ne ke hana ni barci ba. Bashi ne." Mahaifinsa manomi ne, takardar gonarsu ya kai banki jingina kafin aka biya kuɗin makaranta. Kafin a ba shi biza kuma sai da ya biya kuɗin asibiti, fam 776 na kowace shekara. Doka ta yarda masa ya yi aikin lada awa 20 a mako lokacin da makaranta ke buɗe, in ya wuce haka yana iya rasa bizarsa. Shi ya sa Asabar da Lahadi yakan ɗauki kaya a wani babban sito, da safiyar Litinin kuma ya shiga aji da jajayen idanu.

Digirin nasa na shekara ɗaya ne. Tun 2021 aka yarda wanda ya gama ya ƙara shekara biyu yana neman aiki, a 2025 kuwa gwamnati ta ba da sanarwar za ta rage wa'adin zuwa wata 18. Cikin ɗan wannan lokaci ake so yaro ya sami aikin da zai fanshi gonar ubansa.

Muna cikin taɗi sai ya dubi agogo. A lokacin sanyi Indiya tana gaban Ingila da awa biyar da rabi, mahaifiyarsa kuwa ba ta kwanciya sai ta ji muryarsa. Tambayarta ta fari kullum ita ce ko ya ci abinci. Ya ce ko da shayi kaɗai ya wuni, amsarsa ɗaya ce, ya ci ya ƙoshi. Sa'an nan ya yi murmushi ya ce, "Yau dai ba ƙarya zan yi mata ba."

Shi ne ya kwatanta mana Southall, a yammacin Landan, muka je ran Asabar. Allon tashar jirgin ƙasa ma da Turanci da rubutun Fanjabi aka rubuta shi. A titin da a da ake kira Havelock akwai babban ɗakin sujada na mabiya addinin Sik, wanda aka buɗe a 2003. Al'adarsu ce su ciyar da kowane mai shigowa kyauta, ba a tambayar addininsa. Muka tuɓe takalma, muka rufe kai, muka zauna a ƙasa cikin sahu. A gefenmu ga waɗansu samari da jakar littattafai. Da suka gama ci, biyu daga cikinsu suka naɗe hannun riga suka shiga wanke kwanoni.

A hanyar komowa muka yi ta tunani. Mutanenmu sukan ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Su waɗannan ba su yarda gida ya bar 'ya'yansu ba, sai suka ɗauko tukunya da tabarma suka bi su har ƙetaren teku. Mu ma muna da yara suna karatu nesa da gida, waɗansu ma a Indiya ɗin. In ɗanku ya ce muku lafiya lau a waya, ku ƙara tambaya, me ya ci, da wa ya ci. Kada kuma batun kuɗi ya zama gaisuwarku ta fari. In kuwa akwai ɗalibi baƙo a unguwarku, ku kira shi ran Lahadi ya sa hannu a akushinku. Wata uwa tana can wani gari ba ta yi barci ba tukuna.