Ko ana ruwa, gurup waje zai kwana

Jama'ar Saga, barkanmu da damina. Mun san halinta: hadari ya taso daga gabas, iska ta kaɗa, kuran ya ɗauke. Tun da rana mu sa wayoyi da tocila caji.

Mu masu gurup, kar tsoron ruwa ko ɓarawo ya sa mu shigar da shi ɗaki. Gubar hayaƙinsa ba ta da wari, cikin barci take kashewa. Mu aje shi ƙarƙashin rumfa, nesa da taga. Sai ya huce mu zuba esansi. Kafin mu haɗa shi da gida, mu sauke disjonkter, kar wutarmu ta bi layi ta kama ma'aikacin NIGELEC. Wanda jiri ya kama, a fiddo shi sarari, a kira 18.

Allah ya raba mu da damina lafiya.