Garmon da Ƙanenta Bayan

Abin da ya fi jan hankalina game da garmon, ƙaramar akodiyon mai maɓallai ta ƙauyukan Rasha, shi ne ƙarancin abin da take iyawa. Nau'inta da ya fi yaɗuwa, khromka, yawanci maɓallai 25 gare shi a dama, 25 a hagu, kuma a kan ma'aunin sauti guda aka saita shi. Da ƙyar makaɗi ke ƙetare wannan iyaka.

Wajen 1830 maƙeran birnin Tula, waɗanda suka shahara da ƙera bindigogi, suka fara kwaikwayon samfurin da ya shigo daga Jamus. Kafin ƙarnin ya ƙare, garuruwa da dama sun sami irin tasu: akwai ta Livny, akwai ta Saratov da aka maƙala wa ƙararrawa. Babban aikinta shi ne raka chastushka, gajeriyar waƙa mai ɗango huɗu da 'yan mata da samari kan jefi juna da ita a dandali, cike da habaici da zambo da bege. Makaɗin da kunne ya koya, ba da takarda ba. Yakan maimaita kiɗa ɗaya, ya bar wa mai waƙa fili ta ƙago abin da za ta mayar wa kishiyarta. A ganina, nan darajar garmon take: ba ta gasa da bakin mutane.

A 1907 Pyotr Sterligov ya ƙera wata babba a San Fitasbag mai ɗauke da dukkan sautuka, aka raɗa mata suna bayan, don tunawa da Boyan, mawaƙin da. Bayan ya shiga makarantun kiɗa na Tarayyar Sobiyet, aka buga Bach da shi, har Sofia Gubaidulina ta rubuta masa De profundis a 1978. Ina girmama shi, amma shiru yake nema daga mai sauraro, alhali garmon amsa take nema.

Da jama'a suka yi ƙaura zuwa birane, dandali ya watse. Shirin talabijin da Gennady Zavolokin ya fara a 1986 ya bi lunguna yana zaƙulo makaɗan da suka rage, kuma ya yi babban aiki. Sai dai ni, a irin waɗannan hotuna, tsofaffin matan da ke gefe nake kallo, waɗanda leɓɓansu ke motsi tun kafin a miƙo musu makirufo.