Daren Da Amarya Ta Taka Gajimare A Abuja

Duk wadda take zuwa biki a 'yan shekarun nan ta san yayin da ake ciki: ba a cewa dina ta ƙayatar sai amarya ta shigo tana taka farin hayaƙi, ga zaruruwan haske kore da ja suna kai-komo a saman kanta. Asalin wannan ado daga gidajen rawar dare da dandalin mawaƙa na Turai da Amurka ya fito, inda aka soma wasa da hasken leza tun shekarun 1970. Yau ga shi ya biyo mu har wuraren bikinmu, inda iyaye da ƙananan yara suke zaune. Shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarin wani ɗakin taro da na je a Abuja, domin wadda ta san takan abu ita ke cin moriyarsa lafiya.

Bikin wata aminiyata ne ya kai ni, Yayana ne kuma ya raka ni, kasancewar Hajiyarmu ta ce ba zan yi wannan doguwar tafiya ni kaɗai ba. Da asubar fari muka bar Kano, lokacin hunturu ne, hazo ya sauko har ba ka hango motar da ke gabanka. Kafin mu kai Kwanar Ɗangora na lura da fitilun motocin da ke tahowa, kowace ta miƙe a cikin hazon kamar an kafa gora biyu. Muka wuce Zariya da Jaji, a Kaduna muka hau jirgin ƙasa daga Rigasa, muka sauka a Kubwa rana tana tsaka.

Bayan la'asar mu ƙawayen amarya muka tafi ɗakin taron kai kayan rabo. Ke dai bari! Wuri ne makeke, an lulluɓe silin da bango da farin yadi mai sheƙi, ga furannin roba suna reto ta ko'ina, esi yana ta busa sanyi, babu taga ko ɗaya a buɗe. A gefen dandamalin ango da amarya na tarar da wani saurayi yana jera waɗansu baƙaƙen akwatuna. Na ce, "Malam, sannu da aiki. Don Allah me kuke ƙonawa ne yake ba da hayaƙin nan?"

Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai babu abin da ake ƙonawa." Ya nuna mini wata jarka, ya ce ruwa ne aka haɗa da gilisarin, irin wanda muke zubawa a man shafawa da hunturu, wani kuma da sinadarin gilaikol ake haɗa shi. Injin yana dafa ruwan har ya zama tururi, da ya feso shi ya gamu da iskar ɗaki sai ya koma ƙananan ɗigo masu yawo a sama. Wannan shi ne mai tashi ya cika ɗaki.

Mai kwanciya a ƙasa kuwa dabam ne. Ya sa safar hannu mai kauri ya buɗe wata kula, sai ga fararen dunƙulai suna fitar da huci. Busasshiyar ƙanƙara ake ce mata, amma ba ta ruwa ba ce, iskar nan ce ta kabon-dayoksaid da muke fitarwa in mun yi numfashi aka daskarar da ita. Sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili, in kika riƙe ta da hannu tsirara sai ta ƙona ki kamar garwashi. Ba ta narkewa ta zama ruwa, kai tsaye take komawa iska. Idan aka jefa ta a ruwan zafi sai farin hazo ya taso, da yake kuma yana da sanyi, iskar da ke ɗauke da shi ta fi wadda muke shaƙa nauyi, sai ya malala a ƙasa.

Wajen ƙarfe tara na dare aka rage fitilu, mai gabatarwa ya ce a miƙe ga amarya nan. Wallahi ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi kyau. Hazo ya rufe ƙasa har gwiwa, aminiyata ta taho a hankali cikin doguwar riga ruwan zinare, ba ka ganin ƙafarta, sai guɗa ke tashi. Can sama kuma zaruruwan leza suka buɗe kamar mafici. Yaya ya sunkuyo ya ce, "Kin tuna fitilun mota da asuba? Shi ne wannan." Ashe haske ba ya nuna hanyarsa a iska mai tsabta, sai ya sami ƙura ko ɗigon ruwan da zai daka su watso shi zuwa idonmu, kamar yadda kike ganin tsinken rana ya ratso taga in kina shara. Don haka mai leza ba ya rabuwa da mai hayaƙi, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Ana cikin liƙi sai na hango 'yan yara uku sun kwanta a cikin hazon suna wasan iyo, kawunansu sun nutse. Nan da nan Yaya ya je ya tashe su. Dalili kuwa, kilo 1 na busasshiyar ƙanƙara yana ba da iska sama da lita 500, wato cikin jarka 20 mai lita 25. Iskar ba ta da launi, ba ta da wari, a ƙasa take taruwa ta ture wadda ake shaƙa. Babba da ke tsaye ba zai ji komai ba, amma wanda hancinsa ke ƙasa zai fara da ciwon kai da jiri, daga nan sai suma. A watan Fabrairun 2020, a birnin Mosko na ƙasar Rasha, an zuba kimanin kilo 25 a tafkin wanka na cikin gini wajen bikin zagayowar ranar haihuwa, mutum 3 suka rasa rayukansu.

Shi ma hayaƙin gilisarin, ko da yake ba guba ba ne ga mai lafiya, in ya yi yawa a ɗakin da ba iska yakan busar da maƙogwaro ya sa ido ƙaiƙayi. Wata gwaggon ango mai ciwon asma sai da aka fita da ita waje tana tari, Allah ya taimaka maganinta na shaƙa yana cikin jaka.

Da kiɗa ya yi zafi sai mai fitilun ya sauko da hasken daga sama, ya riƙa sharar fuskokin masu rawa da shi, 'yanmata suna shewa suna ɗaga wayoyi. A nan ne na ga ran Yaya ya ɓaci. Ya je ya same shi ya ce, "Abokina, don girman Allah mayar da shi sama. Idon mutane kake wasa da shi."

Ga abin da ya sa. Hasken tocila bazuwa yake yi, yana nisa yana raguwa. Na leza kuwa, wanda wani masani Ba'amurke mai suna Theodore Maiman ya fara kunnawa a 1960, launi ɗaya ne, a dunƙule yake tafiya kamar kibiya. 'Yan makaranta kun san gilashin nan mai ƙara girman rubutu da ake tara rana da shi a ƙona takarda. To, akwai irinsa a cikin idon kowa, shi ke tattara haske ya ɗora shi a kan wani lallausan tantani da ke can bayan ido, wanda da shi muke gani. Idan leza ta shiga, sai ya matse ta a ɗigo guda, ƙarfinta ya ninka har wajen sau 100,000. Ƙiftawar ido tana ɗaukar kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa, wannan ya isa ya kare ki daga ƙaramar leza wadda ba ta wuce miliwat 1 ba, amma ta wuraren biki takan haura miliwat 500, ta riga ƙiftawa yin ɓarna. Abin tsoron kuma, tantanin ba ya jin zafi. Sai daga baya mutum ya ga wani baƙin tabo a tsakiyar duk abin da ya kalla, wani ya warke, wani ya zauna da shi har abada.

A watan Yulin 2008 an yi wani taron kiɗa a kusa da Mosko, ruwan sama ya sa aka kafa rumfa, hasken da aka shirya harbawa sararin sama ya koma kan jama'a. Kimanin mutum 30 suka je asibiti da raunin ido. A Amurka ƙa'ida ce irin wannan haske ya wuce aƙalla mita 3 sama da inda mutane ke tsaye. Ko kyamarar wayarki ba ta tsira ba, in ya dake ta kai tsaye sai ki ga layi ya fito a hoto wanda ba ya goguwa.

Abu na ƙarshe da na gani shi ya hana ni barci. Wajen yanka kek aka kunna tartsatsin wuta a gefen dandamali, yana tashi yana neman yadin silin. Da na zagaya neman banɗaki sai na tarar ƙofar baya an ɗaure ta da sarƙa da kwaɗo, wai don kar 'yan cin arziki su kutso. Mutum ɗaruruwa, ƙofa ɗaya! Ga shi ɗaki ya riga ya cika da hayaƙin ado, in na gaske ya tashi wa zai bambance da wuri? A ranar 26 ga Satumban 2023, a garin Hamdaniya na ƙasar Iraƙi, ango da amarya suna tsakiyar rawa tartsatsi ya kama adon silin, sama da mutum 100 suka rasu. Su biyun sun tsira, amma sun binne 'yan'uwa da yawa a makon da ya kamata su ci amarci. Mu dai Allah ya rufa asiri, aka tashi lafiya.

Don haka ƙanwata mai shirin aure, ba na ce kar ki taka gajimarenki ba, ranarki ce. Amma kafin a biya kuɗin wuri, ki sa Yayanki ko angon ya je ya ƙirga ƙofofi, a yi alkawarin barin su a buɗe. A gaya wa mai fitilu haskensa ya tsaya can sama da kawunan mutane. A rage hayaƙi, a bar iska tana shiga, a zaunar da masu asma da tsofaffi kusa da ƙofa, a kuma hana yara kwanciya a ƙasa. Tartsatsi kuwa a bar shi sai a fili.

Ke kuma 'yar rakiya, da kin shiga wuri ki fara duba mafita kafin ki duba ankon wasu. In haske ya nufo fuskarki ki rufe ido ki kau da kai, in kuma kin wayi gari kina ganin tabo a idonki, ki garzaya wajen likitan ido a ranar, kar ki tsaya ɗiga magani a gida. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba 'yanmatanmu mazaje nagari, ya sa a yi biki lafiya a watse lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.