Ladabin da Intanet Ta Koya, da Kuɗinsa a Kongolam

A watan Oktoba na 1986 intanet ta shaƙe. Tsakanin cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, tazarar yadi 400 kacal, gudun bayanai ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa bit 40. Babu wayar da ta tsinke. Kowace kwamfuta ce da ta ga saƙonta bai isa ba take sake turo shi, har maimaici ya cinye hanyar.

Maganin da Van Jacobson ya gabatar a 1988, bayan aikinsa da Michael Karels, ladabi ne aka cusa cikin TCP, ƙa'idar da ke daddatsa saƙo ƙunshi-ƙunshi ta kuma tabbatar ya isa. Mai aikawa ya fara da kaɗan, ya riƙa ninkawa muddin shaidar isowa tana dawowa, sannan ya koma ƙari ɗaya-ɗaya. Da zarar ƙunshi ya ɓace, ya ɗauka hanya ta cika, ya ja baya sosai. Daga baya aka tsayar da ragin a kan rabi. Babu ɗan sandan da ke tilasta wannan. An saka shi cikin manhajar Unix ta Berkeley, ya bazu da kansa.

Ina girmama dabarar, amma akwai zato ɗaya a gindinta: duk ƙunshin da ya ɓace, cunkoso ne ya ci shi. A kan wayoyin Kalifoniya haka ne. Ni kuwa harka takan kai ni Kongolam, bakin iyakar da ke ƙaramar hukumar Mai'aduwa a kan hanyar Daura zuwa Damagaram, inda wayar hannu kan riƙa raba hankali tsakanin turakun Najeriya da na Nijar. A can, sau da yawa raunin sabis ne ke ɓatar da ƙunshi ko ya makarar da shi, hanya kuwa fayau take. TCP ba ta bambancewa. Kamar ɗan kasuwar da motarsa ta yi faci a daji ne, ya ɗauka layi ne a shingen kwastan, ya rage lodin gobe da rabi. Na sha zama ina jiran takarda mai shafi biyu ta sauka, alhali na san ba yawan jama'a ne ya hana ba.

Gane matsalar ya fi gyara ta sauƙi. Na'urorin da ke tsakiyar hanya TCP da UDP kawai suka saba da su, baƙuwar ƙa'ida sukan tare ta. DCCP, wadda aka fitar a 2006, da wannan ta yi karo, har yau da wuya ka ga mai amfani da ita. Google ta bi ta bayan gida: daga 2012 ta gina QUIC a kan UDP, ta lulluɓe cikinta da sirri, hukumar IETF ta amince da ita a Mayun 2021. A 2016 kuma kamfanin ya fito da BBR, wadda ke auna faɗin hanya da lokacin zuwa da dawowa maimakon ta firgita da kowane ɓata. (Tana da laifinta: sigarta ta farko takan danne masu tsohon ladabi idan suka haɗa hanya.)

Abin da na ga ƙwararrunmu ba su cika lura da shi ba shi ne, mai aikawa ne ke zaɓar dabarar ja da baya, ba wayar mai karɓa ba. Wannan na cikin dalilan da bidiyon YouTube kan lallaɓa ya buɗe a Kongolam, shafin rajistar wata makaranta kuwa ya tsaya cik, ɗalibi ya ƙone datarsa ranar da wa'adi ke cika. BBR tana cikin Linux tun siga ta 4.9, ƙarshen 2016. Duk wanda ke kula da sabar wata jami'a ko ma'aikata a Katsina ko Kano zai iya kunna ta da layi biyu na saiti, ya gwada ta da wayar da ke bakin iyaka.